Esin Da Ya Ƙi Rage Gudu

Mai shara ce ta fara ganin jinin. Ta hau bene da tsintsiyarta tana mitar garin katako da ba ya ƙarewa, sai ta ga wani baƙin abu ya malalo ta ƙarƙashin ƙofar ofishin Maigida ya daskare a kan siminti. Ta sa bakin takalmi ta taɓa. Ihun da ta kurma sai da ya sa aka kashe injin zarto a ƙasa.

Kafintoci suka ɓalle ƙofar. Maigida, mai wannan masana'antar kujeru da gadaje, yana kwance rub da ciki tsakanin tebur da bango, an farfasa masa ƙeya. Kusa da kansa ga ƙatuwar sufana, jini ya bushe a bakinta, gashi manne a jiki. Ɗakin kuwa sanyi ƙalau kamar cikin firji, esi, na'urar sanyaya ɗaki, na ta gurnani a bango, fankarsa na gudu iya ƙarfinta har takardun kan tebur suna tashi.

Sufanar kowa ya gane ta. Ta Mai Sanyi ce, makanikin da aka kira jiya ya gyara wannan esin, akwatin kayan aikinsa ma ga shi can a buɗe a kusurwa. Ana cikin wannan salati sai ga mutumin ya shigo a kan babur yana fito, wai ya zo ƙarasa aiki. Ko sauka bai gama yi ba suka rufe shi da duka.

*

Matar Mai Sanyi ce ta kira surukinta, mahaifin mijinta, tana kuka, shi kuwa ko hula bai tsaya ɗauka ba.

Saje ake ce masa har yanzu, ko da yake ya daɗe da ajiye kakin ɗan sanda. A zamaninsa in ɓarawo ya taka ƙasa to ya gama yawo, don Saje zai durƙusa ya kalli sawun ya faɗa maka tsawon mutumin da ƙafar da yake ɗingishi da ita. Abu ɗaya ya gagare shi a duniya, shi ne ɗansa. Ya so yaron ya gaje shi, yaron ya ce shi waya da sukundireba yake so. Tun daga nan Saje yake kiransa mai wanke fanka, gaisuwarsu ma ta koma sama-sama.

A bakin masana'antar ya tarar da 'yan sanda biyu sun rakuɓe a inuwa. Ma'aikata sun garƙame ƙofa da sarƙa, su kuma wai suna jiran a turo musu ƙarin mutane. Saje ya kalle su sama da ƙasa, ya yi tsaki, ya buga ƙofar da tafin hannu.

Fomen ne ya leƙo, shugaban kafintocin, ƙaton mutum da bandeji a hannun hagu. Shekarun baya Saje ne ya gano masa 'yarsa da ta ɓata a kasuwa, shi ya sa ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba Saje, ka yi haƙuri ka koma gida. Wannan ba taka ba ce."

"Ɗana ne a ciki, ka ce ba tawa ba ce? Buɗe min."

Ya buɗe. Tsakar wurin cike da mutane, kowa da abin da ya ɗauko, wani falanki, wani guduma, wani ƙarfen labule. Aka dare masa hanya ana hararsa har ya isa sito.

Sun ɗaure Mai Sanyi a ƙafar bencin aiki. Ido ɗaya ya rufe ruf, leɓe ya tsage, riga ta zama tsumma. Amma hannun dama ne ya tsayar da numfashin Saje. Yatsun sun karkace kowanne ya kalli nasa gefen, farce biyu babu, hannun ya kumbura ya yi baƙi.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne." Wani mai fararen kaya da agogon ƙarfe ya matso, goshinsa da rauni, leɓensa na sama a fashe. Manaja ne, mijin 'yar Maigida. "Hannun da ya kashe min suruki ne, Dattijo. Na ɗora shi a benci na ba shi guduma. Ka ga yadda ya fasa min baki da muna kama shi? Saura wuyansa."

Jama'a suka ɗauki ihu. Saje ya juya musu baya. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara.

"Kai. Dube ni. Me ya faru jiya?"

"Baba, wallahi da ransa na bar shi." Muryar da ƙyar take fita. "Fankar esinsa ce ta maƙale a sama, ba ta sauka, ƙarar na hana shi sukuni. Na gyara. A gabansa na sauke ta, na ɗaga ta, na mayar ƙasa. Har ya ce Allah ya yi min albarka. Na bar akwatina don yau zan wanke na waje."

"Maƙaryaci!" in ji Manaja. "Ku saurara, jama'a. Kuna ji?"

Aka yi tsit. Daga saman bene ana jiyo gurnanin esin, bai rage ko kaɗan ba.

"Wannan ne gyaran? Babu abin da ya gyara. Maigida ya zage shi a kan aikin banza, shi kuma ya ɗauki sufana."

Saje ya miƙe ya fuskanci Fomen. "Ka ba ni zuwa azahar. In na ga shi ne, da hannuna zan miƙa shi ga hukuma. Amma duk wanda ya sake taɓa shi kafin nan, sai dai ya fara da ni."

Fomen ya kalli mutanensa, ya kalli ƙasa. "Zuwa azahar, Baba Saje. Bayan nan ba zan iya riƙe su ba."

*

Da ya hau benen ya ga abin da suka yi wa wurin, sai da ya zage su a ransa. Sawu a kan sawu, takalmin roba, silifa, ƙafa tsirara, an tattake jinin an kai shi har matakala. Sana'ar da ya yi tinƙaho da ita duk rayuwarsa ba ta da amfani a nan. An rufe gawar da labulen taga, ya ɗaga ya duba. Bugu ba ɗaya ba ne, kuma akwai ƙujewa a gaɓoɓin yatsun marigayin, alamar bai tafi salin-alin ba.

Ya juya ga esin. Rimot na cikin 'yar ma'ajiyarsa a jikin bango. Ya zaro shi yana jujjuyawa kamar an ba shi kunama, don shi ko talabijin jikokinsa ne ke kunna masa. Ya gano maɓallin da ke da hoton fanka, ya saita, ya danna. A fuskar rimot ɗin layuka suka ragu. A bango kuwa ko gezau. Ya sake dannawa, ya sake, iska na ta dukan fuskarsa yadda take.

Ya sauke hannunsa. Ya tuna zuciyar yaron tun yana ƙarami, yadda ya taɓa jifan malaminsa da dutse don ya zage shi. Ya tuna bakin Maigida, wanda in ya fara zagi sai ka gwammace mari. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, sanyi na shiga ƙashinsa, ya ji kunya da tsoro sun haɗe masa, don a wannan lokacin ya yarda ɗansa ya yi kisa.

Sai dai Saje bai taɓa barin sawu a rabi ba, ko da sawun gidansa ya nufa. Ya sa rimot a aljihu ya sauka.

*

Maigadi ya fara nema. Tsoho ne mai carbi, yana zaune a bakin ɗakin janareto.

"Malam, ka ga fitar ɗana jiya?"

"Na gani, bayan la'asar. Har ya ɗaga min hannu."

"Maigida fa, ka sake ganinsa?"

"A'a. Ai ka san dokarsa. In esi na kunne ba mai buga masa ƙofa, ko matarsa ce. In ya kashe, shi ne alamar ya tashi, sai in hau in ɗauko masa jaka. Haka muke tun da aka sa injin."

"To jiya bai kashe ba?"

"Wuta ce ta kashe masa. Wajen magariba aka ɗauke, ma'aikata duk sun watse. Na zo nan na yi ta fama da janareto kafin ya tashi. Na tsaya ina saurare, in ban ji esi ba in hau. Can sai na ji ya ɗauka, fuuu, kamar jirgi. Na ce to, Maigida kwana zai yi a ofis, ya saba."

"Ƙofar baya fa, wa ke da makulli?"

Tsohon ya rage murya. "Maigida, da Manaja, da Fomen." Ya waiga. "Kuma shekaranjiya Maigida ya mari Fomen a gaban yaransa. Ni dai ban faɗa maka ba."

Saje ya sami Fomen a gindin injin zarto, bai yi masa kwana-kwana ba.

"Kwance bandejin nan."

"Haba, Baba Saje!"

"Ka ce ɗana ya yi kisa don an zage shi. Kai da aka mara fa? Kwance."

Fomen ya warware yana huci. Yanka ne miƙaƙƙe a tafin hannu, an ɗinke shi da zare, ya fara kamewa. Kafintoci uku suka yi caa, a gabansu zarto ya kama shi tun farkon mako, su suka kai shi asibiti. Jiya kuwa a motar kai kaya ya bi direba, ba su dawo ba sai yau da safe.

"Ya mare ni, gaskiya ne," in ji Fomen, idonsa ya kawo ruwa. "Amma shi ya koya min riƙon zarto, shi ya yi min aure. Uba ne. In ka ga muna haukan nan, dalili ke nan."

Saje ya dafa kafaɗarsa. Wannan hanya ta toshe, rana kuma tana ta hawa.

*

Ya koma sito. An ba Mai Sanyi ruwa, ya amayar da shi da jini.

"Na danna, bai sauka ba," in ji Saje, bai kalle shi ba.

"Ba zai yiwu ba, Baba."

"Ni zan yi maka ƙarya? Faɗa min yadda kuke yi. In an kira ka an ce fanka ta ƙi sauya gudu, daga ina kake farawa?"

Ɗan ya buɗe idon da ya rage masa. Tunda yake, ubansa bai taɓa tambayarsa komai a kan aikinsa ba.

"Ka fara duba a kan me aka saita shi. In hoton ɗigon ruwa ne a fuskar rimot, to injin ne ke riƙe fankar da kansa, ba za ta ji maganarka ba. Sai ka mayar da shi kan hoton ƙanƙara."

Saje ya zaro rimot ya ƙura masa ido. "Ƙanƙara ce."

"To batir. In ya yi sanyi, wani saƙon ya isa, wani bai isa ba."

Aka ciro batir daga fitilar Maigadi. Saje ya hau benen yana dafa bango, ya danna, ya sauko. Babu canji. Mutane suka fara dariyar mugunta, wani ya ce tsoho ya koma koyon sana'a da furfura.

"Ɗaga murfin gaba," in ji Mai Sanyi. "Ka zare ragar ƙura, ta dama za ka ga wani ɗan akwati. Ciki ne ƙwaƙwalwar injin take. Abin da ke sauya gudun fanka ya ƙone ya manne, shi na cire na sa sabo. Za ka ga dalmar tana ƙyalli. Tsohon yana cikin akwatina."

Wannan karon Fomen ya bi shi, da Manaja a baya. Saje ya hau kujera, ya ɗaga murfi, ya kwance ɗan akwatin da sukundireban ɗansa. Ga dalma nan sabuwa fil tana walƙiya. A cikin akwatin kayan aiki kuma ga wani ɗan baƙin abu mai ƙaurin ƙuna.

"Ya yi aiki dai," in ji Fomen a hankali.

"Ya liƙa wani abu don a ce ya yi," in ji Manaja. "In ya gyaru, me ya sa bai sauka ba? Dattijo, kana ɓata mana lokaci. Gawar surukina na kwance a ƙasa."

Saje ya mayar da murfin. Ya sauka ya sake durƙusawa gaban ɗansa, zufa na ɗiga daga gemunsa.

"Abu biyu. In an ɗauke wuta aka dawo da ita, wannan injin yana tashi da kansa?"

"A'a. Tsohon yayi ne, sai an danna masa. Kuma in ya tashi, da gudun sama yake farawa, sai ka sauke shi."

"To wani ya danna masa da magariba, bayan ka tafi. Na biyu, me ya rage ban duba ba?"

Mai Sanyi ya ja numfashi da ƙyar. "In kana dannawa yana yin ƙit? In saƙo ya isa, dole ya amsa."

"In na kashe ko na kunna yana yi. A fanka ba ya yi."

"To ko murfin batir ɗin ne ya saki. Ka matse salatif ɗin da kyau."

"Wane salatif?"

"Baƙin salatif da aka naɗe bayansa da shi. Murfin ya karye, Maigida ya ɗaure."

Saje ya juya rimot ɗin a tafin hannunsa. Murfi lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya kai shi kusa da idon ɗansa.

"Baba, wannan ba nasa ba ne. Kamfani ɗaya ne, amma na sabon yayi ne. Zai kunna, zai kashe, fanka kam ba za ta san da shi ba."

Sai a lokacin idon Saje na da ya dawo. Maigida mutum ne da ba ya iya wuce kujera bai shafa ta ba, komai na ofishinsa da tabon fenti da gam, wayarsa, biro, hannun ƙofa. Wannan abin kuwa fari tas, hannun da ke riƙe shi bai san aikin katako ba. Kai, tsufa bai yi ba! Tun hawan farko ya kamata ya gani.

*

Ya ce a tara masa su a barandar sama, Fomen, Maigadi, mai shara, Manaja, da 'yar Maigida, wadda tun safe take zaune a ɗakin nuna kaya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Sauran ma'aikata suka cika matakala da makamansu. Azahar ta kusa.

"A can sanyi ya yi yawa, a nan kuma zafi," in ji Saje yana fifita da hannu. "Manaja, buɗe mana ofishinka mu zauna, ka kunna mana esi."

Manaja ya yi jim, sannan ya zaro makulli ya buɗe. Ofis ne tsaf-tsaf, sabon esi a bango, ma'ajiyar rimot a ƙarƙashinsa babu komai ciki.

"Rimot ɗin ya ɓata tun makon jiya."

"Wane makon jiya?" in ji mai shara. "Jiya da safe na goge shi da hannuna, Yallaɓai, kana tsaye kana cewa in yi sauri."

"Wa ke da makullin ɗakin nan ban da kai?" in ji Saje.

Kowa ya san Manaja kaɗai ke da shi. Saje ya zaro rimot daga aljihu ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Wannan a bangon Maigida na same shi. Kun ga yadda na yi ta fama da shi a can."

Ya saita ya danna. Ƙit, esin Manaja ya buɗe baki. Ya danna hoton fanka. Ƙit, iska ta ƙaru. Ƙit, ta ƙara ƙarfi har labule ya tashi. Ƙit, ta sauka ta koma kamar numfashin jariri. A matakala ko tari babu mai yi.

"Ɗana ya gyara injin can. Rimot ɗin ne baƙo." Saje ya matsa kusa da Manaja. "Na Maigida ya fashe, kuma ina jin a bakinka ya fashe. Ka ce yau da safe aka fasa maka leɓe. Na ga raunuka da yawa a rayuwata, na safiyar yau ba ya yin baƙin ɓawo haka. Ka kashe shi, ka kulle ƙofa, ka bar esi na yi maka gadi, don ka san ba mai bugawa. Sai aka ɗauke wuta. Ka san in injin bai tashi ba Maigadi zai hau ɗaukar jaka. Ka ruga ka ɗauko naka, janareto na tashi ka kunna, ya tashi da ƙara, ka danna ka danna ya ƙi sauka. Ka tsince fasassun, ka saka naka a gurbin, ka fita ta baya. Da safe kuma ka riga kowa kai wa ɗana duka, don raunukanka su sami uba."

"Ƙarya ce! Me zai sa in kashe surukina? Ku tambayi matata, a gida na yi magariba."

Duk aka juya gare ta. 'Yar Maigida ta ɗago kai. Sannan ta sa hannu ta janye mayafin. Idonta na hagu ya kumbura ya yi shuɗi, a wuyanta ga shatin yatsu. Wannan ba kumburin kuka ba ne.

"Jiya Baba ya ga wannan," ta ce. "Na ce faɗuwa na yi, ya ce ba yau aka haife shi ba. Ya ce zai kira mijina ofis in an tashi, kuma daga ranar na bar gidansa." Ta kalli mijinta. "Sai bayan isha ka shigo, da wata riga ba wadda ka fita da ita ba. Tun safe nake zaune ina ji ana dukan bawan Allah, tsoronka ya hana ni buɗe baki."

Manaja ya yi kukan kura ya shaƙo wuyanta. Fomen ya kai masa naushi a kunne, ya sake ta ya faɗa kan tebur, ya wawuro almakashi ya kai sara. Saje ya sa hannu ya tare, ƙarfen ya tsaga masa damtse har jini ya yi tsartuwa a bango. Bai ja da baya ba. Ya kama wuyan hannun ya murɗe yadda aka koya masa tun yana kurtu, ƙashi ya ce ƙas, ya buga fuskar mutumin a kan tebur, haƙori ya faɗo ƙasa.

Sai matakala ta ɓarke. "A ba mu shi! A kashe shi!" Falanki da guduma suka yo sama, mutanen da ɗazu suka rantse a kan Mai Sanyi yanzu sun sami sabon nama.

Saje ya tura Manaja cikin ofis, ya tsaya a bakin ƙofa ya baza hannuwa, jini na bin gwiwar hannunsa. Allah ya sani, babu abin da yake so a ransa kamar ya matsa gefe. Ya tuna yatsun ɗansa, ya ji ƙafarsa na son gocewa da kanta. Wani falanki ya sauka a kafaɗarsa, ya yi tangaɗi ya sake tsayawa.

"Da safe ma haka kuka tabbata!" ya daka musu tsawa. "Ku sauka ku kalli abin da tabbacinku ya yi a sito. Ba wanda zai wuce nan. Fomen, aika a buɗe wa 'yan sanda ƙofa."

Fomen ya zo ya tsaya kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya bayan ɗaya makaman suka fara sauka.

*

A motar kai kaya aka ɗauki Mai Sanyi zuwa asibiti, an shimfiɗa masa sabuwar katifa a baya. Kafintocin da suka ɗauko shi ba wanda ya iya kallon fuskarsa. Saje ya zauna a gefensa da tsumma ɗaure a damtse, ya tallafe hannun da aka farfasa a kan cinyarsa don kada gargadar hanya ta taɓa shi. Ya ga irin wannan rauni a da, ya san ko likita ya yi iya yinsa, yatsun nan da wuya su sake riƙe sukundireba.

"Baba."

"Na'am."

"Da ka hau karon farko ka danna, ka ga bai sauka ba, ka yarda da su ko?"

Saje ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi. "Na yarda da su."

Mai Sanyi ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen da bai kumbura ba, ya shige kunnensa. Motar ta faɗa rami, su biyun suka cije baki.

"Akwai aikin da na karɓa a wata makaranta, esi huɗu," ya ce can. "Na yi musu alkawarin wannan makon. Yanzu da wane hannu?"

Saje ya kalli nasa hannuwan, tsofaffi, masu jijiya, da jini a ƙarƙashin farce.

"Ga nawa," ya ce. "Kai ka zauna a kujera ka riƙa faɗa min inda zan taɓa. In na yi shirme ka zage ni, na ba ka izini."

Ɗan bai buɗe ido ba, bai kuma ce ya yafe ba. Hannunsa na hagu ne ya lallaɓo a kan katifar har ya sami bakin rigar ubansa, ya riƙe.